Mijin Ƙanwata Ya Ƙi Biyan Bashina: In Kai Shi Wurin 'Yan Sanda Ko In Haƙura?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara biyu da suka wuce mijin ƙanwata ya nemi rance a wurina, ya ce zai ƙara jari, ya yi alkawarin biya bayan wata uku. Na tura masa ta banki kuɗin da na daɗe ina tarawa, kwatankwacin albashina na wata takwas. Ba mu rubuta komai ba, kuma babu wanda ya shaida, domin na ga abin na gida ne. Sau ɗaya ya taɓa turo mini wani ɗan abu daga ciki, daga nan sai gobe sai jibi, yanzu ma ya daina ɗaukar wayata, alhali ina ganin kasuwancinsa yana tafiya. Ni kuma kuɗin haya sun taru a kaina har na fara cin bashi. Wani abokina ya ce in kai shi wurin 'yan sanda su tsare shi sai ya biya, wani ya ce in tona masa asiri a Facebook, mahaifiyarmu kuma ta ce in bar maganar kada auren ƙanwata ya samu matsala. Me ya kamata in yi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya kawo maka mafita. Kuɗin nan haƙƙinka ne, kuma neman su ba rashin kunya ba ne, ba kuma yanke zumunci ba ne, domin wanda ya taimaki surukinsa da guminsa na shekaru bai cancanci a mayar da shi mai roƙo a kan abinsa ba. Sai dai a cikin shawarwari ukun da aka ba ka babu wadda za ta dawo maka da kuɗinka cikin aminci, kuma biyu daga ciki suna iya mayar da kai wanda ake ƙara. Abin da ya fi tsaya mini a wasiƙarka shi ne inda ka ce ba ku rubuta komai ba, don haka daga nan za mu fara, tun kafin a yi maganar 'yan sanda ko kotu.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa shaidar tura kuɗi ta banki ta wadatar, alhali abin da take nunawa kawai shi ne kuɗi sun fita daga asusunka sun shiga nasa a rana kaza. Ba ta faɗin dalilin turawar. Idan magana ta kai gaban alƙali, mutumin da ya yi niyyar musu yana iya cewa kyauta ka yi masa, ko ya ce wani tsohon bashi ka biya shi, ko kuma, wanda ya fi hatsari a lamarinka, ya ce jari ka zuba a kasuwancinsa domin a raba riba, sai kasuwa ta faɗi. Ka lura cewa da maganar ƙara jari ya zo maka tun farko, don haka wannan hanyar a buɗe take gare shi. Bambancin kuwa babba ne: rance yana dawowa cif-cif, ko wanda ya karɓa ya ci riba ko ya faɗi, amma wanda ya zuba jari yana ɗaukar kasonsa na asara. Ƙa'idar da shari'ar Musulunci da dokokin ƙasashe suka haɗu a kanta ita ce kawo hujja yana kan mai da'awa, kuma a wannan magana kai ne mai da'awar. Abin da zai taimake ka shi ne ɗan abin da ya taɓa turo maka, domin ba a saba mayar da wani yanki na kyauta ba, sannan duk wani saƙo da ya ambaci biya ko ya nemi ka ƙara masa lokaci.

Saboda haka aikinka na farko shi ne tattara abin da ke hannunka ba tare da hayaniya ba. Ka nemi bankinka ya ba ka cikakken bayanin asusunka na watan da ka tura kuɗin da watan da ya turo maka nasa, mai ɗauke da hatimin banki. Ka adana duk saƙonnin da ke tsakaninku, na rubutu da na murya, ka ajiye kwafinsu a wani wuri daban, kuma kada ka goge ko ɗaya, har da wanda ka yi fushi a ciki, domin hirar da aka tsince wasu sassanta tana sa alƙali ya yi shakkar sauran. Idan akwai wanda ya taɓa yi wa maganar bashin da bakinsa, ka riƙe sunansa.

Bayan haka sai ka tura masa saƙo a rubuce, cikin ladabi, wanda ya ƙunshi abu huɗu a fili: kalmar rance, adadin da ka ba shi, ranar da ka ba shi, da abin da ya rage. Kana iya cewa: "Salam. Ina tunatar da kai rancen kuɗi kaza da na tura maka ranar kaza, wanda ka ce za ka biya bayan wata uku. Ka turo mini kaza a watan kaza, saura kaza. Ina cikin buƙata yanzu, don Allah ka sanar da ni ranar da za ka iya biya, ko nawa za ka iya bayarwa duk wata." Kada ka saka gori, ko barazana, ko sunan ƙanwarka. Idan ya amsa da cewa ka ƙara haƙuri zuwa ƙarshen wata, to ka samu abin da ka rasa tun shekara biyu da suka wuce, domin bai musanta rancen ba kuma bai musanta adadin ba. Wannan ba yaudara ba ce, tunda gaskiyar abin da ya faru ka rubuta, shi kuma yana da damar gyarawa idan yana ganin ba haka ba ne.

Akwai dalilin da ya sa bai kamata ka ƙara jinkiri ba, wanda yawancin masu bin bashi ba su san da shi ba sai lokaci ya ƙure. Dokokin ƙasashe da dama sun kafa wa'adin da idan ya wuce kotu ba za ta saurari ƙarar bashi ba, ko da kowa ya san bashin gaskiya ne. A Ingila, dokar wa'adin shigar da ƙara ta 1980 ta sanya shekara 6 ga bashin da ya taso daga yarjejeniya ta yau da kullum, kuma ƙasashe da yawa da suka gaji tsarin shari'ar Ingila suna da irin wannan tanadi. A Faransa wa'adin gama-gari shekara 5 ne, a Jamus kuma shekara 3. A tsarin Ingila, idan wanda ake bi ya amsa bashin a rubuce da sa hannunsa, ko ya biya wani ɓangare, lissafin yana komawa farko daga wannan rana, muddin wa'adin bai riga ya cika ba. Ka ga ke nan haƙurin da ake ta ba ka yana da farashi a wajen doka, kuma takardar amsa bashi tana yi maka aiki biyu, tana tabbatar da haƙƙinka sannan tana sabunta lokacinka. Ka tambayi lauya a inda kake zaune ya faɗa maka wa'adin da ya shafe ka da ranar da ya fara ƙirguwa.

Sai tambayar da za ta yanke yadda za ka bi da shi: kasawa ya yi, ko ƙi ya yi? Waɗannan mutane biyu ne daban, kuma addini ma bai haɗa su a hukunci ɗaya ba. Aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta ce idan wanda ake bi yana cikin ƙunci a jinkirta masa har ya samu sauƙi, yayin da hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Abu Huraira ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Ka ce kana ganin kasuwancinsa yana tafiya, amma ka yi hattara da wannan, domin shagon da ya cika da kaya yana iya zama kayan bashi ne gaba ɗaya, kuma akwai wanda kunya ce take hana shi ɗaukar waya, ba taurin kai ba. Hanyar ganewa ita ce a bar shi ya faɗi da bakinsa abin da zai iya biya duk wata, komai ƙanƙantarsa. Mai ƙunci na gaskiya yakan karɓi wannan da hannu biyu, domin sauke masa nauyi aka yi. Wanda kuwa ya ƙi yanka wa kansa adadi, ya ƙi sa hannu, ya ci gaba da cewa in ya samu zai biya, ya riga ya nuna maka inda ya dosa.

Tunda ya daina ɗaukar wayarka, zama ne zai yi aiki. Ka nemi mutum biyu masu mutunci da yake jin nauyinsu, ya fi kyau ɗaya ya kasance daga danginsa ko abokan sana'arsa, ka gaya musu maganar ba ƙari ba ragi, ka nuna musu takardar banki, su kira shi a zauna. Kada a tashi daga zaman nan da alkawarin baki, domin alkawarin baki ne ya kawo ku inda kuke. Aya ta 282 ta Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma ta ce wanda bashin yake kansa shi ne zai faɗi abin da za a rubuta, a kafa shaidu. Hikimar a bayyane take: mutum ba ya iya dawowa gobe ya ce an rubuta masa abin da bai sani ba. Takardar ta ƙunshi cikakken sunan kowannenku, ta ambaci cewa rance ne, ta faɗi asalin adadi da abin da aka biya da abin da ya rage, da lambobi da kuma kalmomi, sannan ranar kowane biya da asusun da za a riƙa turawa. A ƙara sharaɗin cewa idan ya saɓa biya sau biyu a jere, duk abin da ya rage ya zama wajibi nan take, domin in ba haka ba sai ka riƙa bin kowane wata daban. Ku sa hannu, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafi.

Idan yana da wata kadara da zai iya bayarwa jingina, ko wani da zai tsaya masa, a rubuta shi a cikin takardar, kuma wanda zai tsaya ɗin ya sa hannu da kansa bayan an fahimtar da shi cewa idan aka kasa biya shi za a nema. Idan kuma surukin naka yana bin wani mai hali kuɗi, ana iya mayar da bashinka kan wancan da yardar kowa, wanda malaman fiƙihu suke kira hawala, kuma cikon hadisin jinkirin mai hali a kan wannan ya yi magana. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne ƙara wani abu a kan asalin kuɗin saboda daɗewar da suka yi. Na san darajar kuɗin ta ragu a shekara biyu, kuma wannan rashi ne na gaske, amma ƙarin da ba a yi yarjejeniyarsa ba tun farko yana buɗe ƙofar riba, sannan yana ba shi abin da zai kama ya ce kai ne ka sauya magana.

Ka shiga zaman da sanin iyakar abin da za ka iya sassautawa. Buhari da Muslim sun kawo labarin Ka'abu ɗan Malik, wanda ya nemi bashinsa wurin Ibn Abi Hadrad a cikin masallaci har muryoyinsu suka ɗaga. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yaye labulen ɗakinsa ya yi wa Ka'abu ishara da ya yafe rabi, Ka'abu ya ce ya yafe, sai ya ce wa ɗayan ya tashi ya biya. Abin lura shi ne rangwamen ya zo tare da biya nan take. Idan surukinka ya ce zai iya haɗa kaso mai tsoka a cikin mako biyu in ka yafe ragowar, ka auna da kyau, domin kuɗin da suka shigo hannunka yau ana bin ka kuɗin haya sun fi cikakken adadin da za ka yi shekara kana bi. Sai dai a rubuta cewa yafewar ba ta tabbata sai kuɗin sun shiga asusunka a ranar da aka sanya, in ba haka ba bashin yana nan yadda yake.

Game da 'yan sanda, amsata ita ce kada ka je. Rashin biyan rance saɓa yarjejeniya ce tsakanin mutum biyu, ba laifin da ake kama mutum a kansa ba ne. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan 'yancin ɗan'adam na ɗan ƙasa da na siyasa ta 1966 ta faɗa a sashe na 11 cewa ba a ɗaure mutum don kawai ya kasa cika abin da ya ɗauka a yarjejeniya, kuma mafi yawan ƙasashen duniya sun amince da ita. Wanda ya sa aka tsare wani a kan bashi yana iya wayar gari ana ƙararsa a kan tauye haƙƙi, a yanke masa diyyar da ta fi kuɗin da yake bi, kuma takardar da mutum ya sa wa hannu yana tsare abu ne mai sauƙi lauyansa ya ce tilasta shi aka yi. Inda hukuma take da hurumi shi ne zamba, wato idan tun farko da ƙarya aka karɓi kuɗin, kamar a nuna takardun bogi ko kasuwancin da babu shi. A yadda ka bayar da labari, mutumin yana da kasuwanci kuma ya taɓa biyan wani abu, don haka wannan bashi ne, ba zamba ba.

Tona asiri a Facebook ya fi wannan muni. Kalma ɗaya da ta wuce abin da za ka iya tabbatarwa, kamar ɓarawo ko ɗan damfara, ta isa a yi ƙararka a kan ɓata suna, kuma mutumin da aka riga aka kunyata a bainar jama'a ba shi da sauran abin da yake karewa da zai sa ya biya. Haka nan kada ka je shagonsa ka kwashi kaya da sunan fanshe kuɗinka, domin wannan laifi ne a kanka ko da bashin gaskiya ne.

Idan zama ya ci tura, ko aka rubuta takarda ya saɓa, sai a bi hanyar doka, kuma ita ma hawa-hawa take. Lauya zai rubuta masa takardar neman biya, wadda za ta faɗi adadi da wa'adi, sau da yawa mako ɗaya ko biyu, da sanarwar cewa za a shigar da ƙara idan bai biya ba. Bashi da yawa a nan yake ƙarewa, domin a ranar ne wanda ake bi yake gane cewa maganar ta bar hannun 'yan gida. Idan bai motsa ba, ka tambaya ko akwai kotun ƙananan ƙararraki a inda kake, domin ƙasashe da dama sun kafa irinta don bashin da bai wuce wani adadi ba, kuɗin shigar da ƙara kaɗan ne, kuma mutum yana iya tsayawa da kansa ba lauya. Wasu kotunan ma suna da sashen sulhu, inda abin da aka daidaita a kai yake zama hukunci mai ƙarfin doka.

Amma ka san cewa samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Kotu tana iya umartar bankinsa ya biya ka daga abin da ke asusunsa, ko ta sa jami'anta su kama kadararsa a sayar, ko ta yanka masa biya kashi-kashi, kuma mai halin da ya raina umarninta yana iya fuskantar hukunci a kan rainin. Duk wannan yana aiki ne idan akwai abin kamawa. Saboda haka kafin ka shigar da ƙara ka zauna da lauya ku lissafa abin da za ka kashe, da tsawon lokacin da za a ɗauka, da abin da mutumin ya mallaka da sunansa, kuma ku yi yarjejeniyar kuɗin aikin lauyan a rubuce tun farko.

Maganar mahaifiya kuwa, tsoronta yana da tushe, kuma ya kamata ka je ka zauna da ita ka nuna mata cewa hanyar da ka ɗauka ta sirri ce, ta manya ce, babu kamu babu fallasa. Ka gaya mata halin da kake ciki na haya, domin wataƙila ba ta san abin ya kai haka ba. Ƙanwarka kuma ka cire ta daga maganar kwata-kwata: kada ka aike ta, kada ka tambaye ta abin da mijinta yake samu, kada ka daina zuwa gidanta ko gaisawa da 'ya'yanta. Ba ita ta ci bashin ba, kuma a doka ma mace ba ta ɗaukar bashin mijinta sai idan ta sa hannu ta tsaya masa. A ganina shirun da ake so ka yi ba ya kare auren, domin bashin da aka binne ba a warware ba yakan fito a ranar da aka samu wani saɓani, da zafin da ya fi na yau.

Sannan ka duba naka aljihun, domin yanzu kai ma ana bin ka. Ka tsara kashe kuɗinka kamar waɗancan kuɗin ba za su dawo a bana ba, kuma kada ka ci bashi mai ruwa, musamman na manhajojin waya masu ɗan gajeren wa'adi, da tunanin za ka biya idan surukinka ya biya. Ka je wurin mai gidan da kake haya da wanda ka ranta a wurinsa tun kafin su neme ka, ka faɗa musu abin da za ka iya bayarwa duk wata, ka rubuta musu, ka cika, wato ka yi musu abin da kake so a yi maka. Duk abin da ya shigo daga surukin naka ka fara toshe haya da shi.

Idan bayan duk wannan ya tabbata cewa mutumin ba shi da shi, kuma ka zaɓi ka yafe duka ko wani ɓangare, wannan alheri ne da ayar jinkirtawa ta kwaɗaitar a kansa, amma ya zama kai ka zaɓa, ba matsa maka aka yi ba. Ka faɗa a gaban shaidun nan biyu, a rubuta a bayan takardar, domin bashi ba ya faɗuwa da mutuwar ɗayanku: idan shi ya rasu daga dukiyarsa za a cire kafin a raba gado, idan kai ne kuma magadanka ne za su nema. Idan ba ka yafe ba, ka ajiye takardar da bayanin banki a inda iyalinka suka sani, kuma duk biyan da ya yi ka tura masa saƙon cewa ka karɓi kaza, saura kaza.